Muryar Inna a Akwatin Yaya

Akwai wani mai haɗa kiɗa da kowa ke kira Injiniya. Ya iya aiki, ba ƙarya, amma kai! Mutumin yana ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro kunne.

Yayansa mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shagonsa. Wata rana ya tsinci wata 'yar na'urar kiɗa a cikin tsofaffin kaya, ba ta fi faranti ba, gabanta duk maɓallan murɗawa. Ya zauna ya gyara ta.

Sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Ka danna mata sautuka goma sha shida, ta riƙe, ta yi ta maimaitawa. Amma muryar da take rera su da ita ba ta ajiyuwa. Tana nan ne a inda maɓallan suka tsaya. Ka murɗa su, ta tafi.

Marigayiya Innarsu tana da wata waƙa da take yi baki rufe idan tana kan keken ɗinki. Babu wanda ya taɓa ɗaukarta a kaset. Ita Yaya ya sa a na'urar, ya shafe wata bakwai yana murɗa wannan, yana sassauta wancan, yana neman muryar. Sauri yake yi, don likita ya gaya masa jinsa yana tafiya, ya kusa kurmancewa.

Ranar da ya dace da muryar, ya kira ƙaninsa.

"Zo da kayan ɗaukarka. Wallahi Inna ce."

"Yaya, kai ma dai! A wannan abin wasan yaran?"

Sai da ya yi mako uku kafin ya leƙo shagon. Yaya ya yaye ƙyallen da ya rufe na'urar, ya ce, "Kada ka taɓa komai, bari in ɗauko wayar wuta."

Ina! Kafin Yaya ya fito daga ƙuryar shago, Injiniya ya jawo kujera yana dariya, ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa.

"Ai ba haka ake saita su ba. Yau za ka ga aikin masu sana'a."

Aka jona wuta. Waƙar Inna ta fito, sautukan nan goma sha shida cif, amma da wata murya mai tsini kamar kukan sauro.

Yaya ya kafa wa maɓallan ido. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

"Ba ka ɗauki hotonsu ba?" in ji Injiniya.

"Da wace wayar? Tawa ba ta ɗaukar hoto. Kai nake jira."

"To mu mayar mana, ai ba wuya."

Suka wuni a kai, ba ta dawo ba.

Yau shekara biyu ke nan. Duk Asabar Injiniya yana rufe situdiyonsa ya zo shagon. Shi da bai taɓa jin muryar a na'urar ba, shi ke murɗawa, Yaya kuma ya manna kunne a jikin sifika ya girgiza kai.

Asabar ɗin da ta wuce, wani sauti ya fito mai taushi, mai 'yar rawa a ƙarshe. Tsigar jikin Injiniya ta tashi, hawaye suka zubo masa.

"Yaya, ita ce? Don Allah, ita ce?"

Yaya ya daɗe da kunne a jikin sifikar. Sannan ya ɗago ya ce, "Ka kunna ne?"

Darasi: Idan ɗan'uwanka ya kira ka ga abin da ya sha wuya a kansa, ka je da wuri, ka fara saurara kafin ka kai hannu. Raini yana ɓata abin da gwaninta ba ta iya gyarawa, kuma da-na-sani ƙeya ce. Ku tura wa duk wani gwanin da ba ya jin bari.