Gwangwanayen Korneel

Korneel Debaets mutumin birnin Ghent ne, kuma girman kai ne ciwonsa. Shekara arba'in yana yin finafinan da ba a kai su sinima. Ba ya ɗaukar 'yan wasa. Zaren fim yake samu, ya zauna da allura da tawada yana karce shi hoto bayan hoto. Sai ya yi wata tara kafin ya gama na minti shida. Ya haska shi da majigi a bangon wani tsohon sito, mutum ashirin su kalla, su tafi suna zancensa.

Kowane fim nasa ɗaya ne tak. Bai yarda a kwafa ba.

Madam Staelens, ma'aikaciyar gidan adana finafinai, ta zo har sau uku.

"Yallaɓai, mako biyu kawai. Mu kwafa, mu dawo maka da abinka."

"Ku kwafi hannuna? Je ki kwafi hoton bikin ƙanwarki."

Ya zuba finafinan a gwangwanaye talatin da ɗaya, ya naɗe bakinsu da salatif, ya jera a ɗakin ƙasa mai laima.

Wata rana matarsa Godelieve ta ce, "Korneel, ɗakin ƙasan nan tsami yake yi."

"Albasarki ce da kika jiƙa."

"Na kwashe albasata tun bara, tsoho mai taurin kai."

Ya sauka, ya ƙara salatif. A ganinsa iska ce abokiyar gaba.

Da ya kai saba'in da huɗu, hannunsa ya kama rawa, allura ta gagare shi. Abokan da suka ga aikinsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira Madam Staelens.

A kan teburin kicin ta yanke salatif ɗin gwangwani na farko. Wari ya buge su, Godelieve ta buɗe taga. Zaren ya narke ya manne, ya zama dunƙule. Na biyu haka. Na goma haka.

"Ai na hana iska shiga," in ji Korneel.

"Tsamin da zaren ke fitarwa ka kulle masa a ciki, ya cinye kansa. Da ka ba mu tun zuwana na farko..."

"Buɗe na gaba."

Ta buɗe duka. Daƙiƙa goma sha ɗaya ta iya cetowa.

Korneel ya rasu kafin bazara. Yau daƙiƙun nan da aka ceto suna gidan adana finafinai, ɗauke da sunansa: wani jan layi yana rawa, sai duhu. In ɗalibai suka tambayi Godelieve yadda sauran suke, sai ta ɗaga hannu za ta kwatanta, ta sauke.

Darasi: aikin da ka hana kowa riƙe maka, tare za a binne ku. In masani ya miƙo hannu, ba shi tun da sauran abin cetowa. In na gida ya ce yana jin wari, sauka ka duba.