Wanzamin da Ya Mayar da Aska Zabira

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da zuwa asibiti sai an wuni a mota. Ilu sunansa, wanzami, bawan Allah, ba shi da komai sai zabirarsa. Shekara ashirin shi ke yi wa Alhaji Barmo, wani attajirin goro, aski.

Ku saurara! Ran nan ya jiƙa kan Alhaji, sai yatsansa ya ci karo da wani ƙullutu a bayan kunne. Ya danna, bai motsa ba. Ya sake dannawa, tauri kamar dutse!

Alhaji ya ce, "Yawwa, shi za ka tsaga mini yau. Kafa ƙaho ka zuƙe mataccen jinin, ciwon kai ya ishe ni."

Ilu ya ce, "Alhaji, ƙullutun fata gudu yake yi a ƙarƙashin yatsa. Wannan ba ya gudu, ƙashin ne da kansa ya taso. Ban san shi ba, mahaifina ma bai nuna mini shi ba. A tafi asibiti."

Jama'a, wanzami ya ce bai sani ba, a zaure, a gaban mutane! Aka kwashe da dariya. Alhaji ya fusata, ya ce, "Tattara zabirarka, kada ka sake tako mini gida!" Gari ya ɗauka Ilu ya zama matsoraci. Aski, kaciya, cire beli, duk aka daina kiransa. Ya ji ciwon abin ƙwarai, amma bai janye maganarsa ba.

Bayan wata guda kunnen Alhaji ya toshe, dole ya nufi birni. Aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ce, "Ƙari ne a cikin ƙashin ƙoƙon kai, ba kasafai muke ganin irinsa ba, kuma cike yake da jijiyoyin jini. Da an tsaga shi a gida, da jinin bai tsaya ba."

Allahu Akbar! Aka yi aiki, aka yanke ƙashin, aka ɗinke. Da Alhaji ya dawo, bai sauka a gidansa ba, ƙofar Ilu ya fara zuwa. Ya riƙe hannunsa yana hawaye, ya ce, "Yafe mini, Ilu. Raina ka tsare."

To, ku da kuke rubuta wa kowa magani a majalisa, kun ji! Faɗin "ban sani ba" ba kasawa ba ne, amana ce. In abu ya fi ƙarfin saninka, ajiye askarka, ka nuna wa mutum ƙofar wanda ya sani, ko da za a yi maka dariya.