Zazzaɓin da Yaya A'i Ta Ɓoye

Akwai wani mutum a unguwar Nuzla ta birnin Jidda ana kiransa Muntaka. Bahaushen Chadi ne, direban motar kaya a wani sito da ke unguwar masana'antu. Shekararsa goma sha tara a Saudiyya, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan.

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne: babu abin da bai sani ba. Ka tambaye shi hanyar Makka, sai ya haɗa maka da ta Ɗa'ifa. Ka ce ga abin da ka ji, sai ya taɓe baki ya ce, "Yaushe ka zo ƙasar nan?"

Mutum ɗaya ce a duniya yake sassauta wa murya, yayarsa A'i. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi tana talla. Tun da ya bar gida bai sake sa ta a ido ba, sai dai murya a waya.

A shekarar 2009, cikin watan Sha'aban, ya shirya mata zuwa umra. Shekarar nan ce annobar murar aladu ta zagaye duniya, kowa a tashoshi da takunkumi a fuska. A'i ta biyo ayarin mata ta Sudan, suka yi kwanaki a cunkushe a Sawakin suna jiran jirgin ruwa. Wanda aka samo musu tsohon jirgin masu yawon shaƙatawa ne, wani kamfani ya yi hayarsa don ɗaukar masu umra.

A'i ba ta da waya. A ɗakinsu na cikin jirgin akwai wata 'yar kasuwa mai suna Uwani, wadda ta saba zuwa Jidda har tana da layin Saudiyya. Da jirgin ya matso gaɓa, da wayarta A'i ta kira ƙaninta.

"Auta, wannan ba jirgi ba ne, gari ne! Har da tafkin wanka a samansa, sai dai ba ruwa. Na riga na yi niyyar umra tun a teku."

"Yalla Yaya, ki sauko kawai. Na share miki ɗaki."

Amma jirgin bai shigo tasha ba. Wani tsoho ya rasu a cikinsa kafin a iso, wasu da dama suna tari da zazzaɓi. Hukuma ta tsayar da shi can cikin ruwa, ta ce ba mai shiga ba mai fita. Likitoci za su riƙa zuwa da ƙaramin jirgi safe da yamma suna auna zafin jikin mutane, wanda aka samu da ciwo a sauke shi.

Washegari da hantsi A'i ta sake kira. Muryarta ta dishe.

"Auta, jikina da zafi tun jiya. Uwani ta ce in gaya wa likita."

Muntaka yana tsakar gidan hayarsu, ya miƙe zumbur.

"Kul! Kada ki soma, Yaya. Ni na san mutanen nan. Suna rubuta sunanki, halas, shi ke nan, sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora. Su mayar da ke Sudan, su buga miki hatimin hana shigowa, umrar ta tashi a banza."

"To yaya zan yi? Suna ɗora wani abu a goshi."

"Kina da farasitamol? Ki sha biyu kafin su zo, ki jiƙa mayafi ki goge fuska. In sun tambaya ki ce lafiya lau. Kuma ki saurare ni da kyau: ko da wani ya zo ya ce ni na aiko shi, kada ki yarda. Dabararsu ce."

"To Auta. Kai ne ɗan gari."

Duk wannan a kunnen maƙwabciyarsa Hajja Mastura, wata dattijuwa da ke aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Tana shanya kaya, ta ajiye bokitin.

"Muntaka, ka ji tsoron Allah ka sake kiranta. A asibitinmu aka ware musu ɗaki, da hannuna na wanke shi. Ba tarhil ake kai su ba. Akwai maganin da ake ba su, amma likitoci sun ce sai an fara shi da wuri yake aiki. Ba ka ce yayarka tana da ciwon suga ba?"

Muntaka ya yi 'yar dariya.

"Hajja, da ganin likita yana wucewa ta kan tsummanki har kin zama likita? Ki bar wa masu takarda maganar hukuma."

Matar nan ba ta da iƙama, ya kuma san inda ya dosa. Ta sunkuya ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki. Ni dai wannan maganar da ni aka yi wa sai na yi wata ban gaishe shi ba.

A'i ta bi umarnin ƙaninta sau da ƙafa. Kwana biyu likitoci suna ɗora mata na'ura a goshi, suna wucewa.

A rana ta uku Muntaka ya kira lambar Uwani. Ta ɗauka tana tari, amma bai ji hayaniyar jirgi a bayanta ba.

"Ina asibiti, Malam Muntaka. Jiya da yamma zazzaɓi ya rufe ni, na ɗaga hannu, suka sauke ni. Ga ni a gado mai tsabta, an ba ni magani, har na ci abinci. Sun ce ina warkewa zan wuce Makka. Don Allah ka gaya wa A'i ta faɗi gaskiya, na bar ta numfashinta yana sama-sama."

Muntaka ya katse ta.

"To ba ta wayar mana."

"Wace waya? Ai ga ta a hannuna."

A nan ne ya gane. Hanyar da ya bi ya aika mata da maganar ta toshe, maganar kuwa tana can tare da ita. Magana zarar bunu ce.

Ya bar motar kafilinsa, wato ubangidansa, a bakin titi ya nufi tashar jiragen ruwa. Mai gadi ya ɗaga masa hannu tun daga nesa. Ya fito da iƙamar nan da yake taƙama da ita, mai gadin ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Mamnu'," wato an hana. Ya ruga ofishin kamfanin jirgin a unguwar Bagdadiyya, ya tarar da mutane sun fi ɗari a ƙofa, kowa da sunan nasa a takarda, ma'aikaci ɗaya yana ta cewa a yi haƙuri. Ya rubuta sunan A'i ya miƙa, ya ga inda aka jefa takardar a kan tarin 'yan'uwanta.

Daga nan sai bakin teku. Ga jirgin can, fari fat, kana iya ƙirga tagoginsa. Ya tsaya cikin rana yana kallo har la'asar. Yayarsa tana bayan ɗaya daga tagogin nan tana shan ƙwaya saboda shi, shi kuma ba abin da zai iya. Ya yi kuka kamar yaro, masu wucewa suna kallonsa.

Da ya koma gida, ƙofar Hajja Mastura ya fara bugawa. Tana buɗewa ya durƙusa a gabanta.

"Tashi," in ji ta. "Ba lokacin wannan ba ne. Na ga Uwani a ɗakin da aka ware musu, ta ba ni labari. Akwai wata nas a wurinmu, Rabi'a. A nan Jidda aka haife ta, amma kakanninta Hausawa ne. Tana cikin masu zuwa jirgin gobe da safe. Na riga na ba ta sunan yayarka da lambar ɗakinsu."

Kun ji fa. Matar da ya ci wa fuska ta gama masa aikin tun kafin ya roƙa.

Washegari da azahar Hajja Mastura ta kira shi asibitin. Rabi'a ta fito ta same su a baranda, ta janye takunkuminta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta yi ta lalube tana cikawa da Larabci.

"Na same ta, ya ammi. Na ce mata, Muntaka ya aiko ni, ya ce ki faɗi ciwo, ba tarhil. Ta dube ni ta yi murmushi. Ta ce, 'Yarinya, Hausar taki ma ta aro ce. Ƙanina ya gaya mini za ku zo da wannan.' Na rantse mata wallahi, ta ce lafiyarta ƙalau. Na auna ta, ba zafi. Na gaya wa daktor, ya ce masu faɗuwa sun fi ashirin, gurbin ƙaramin jirgi takwas ne, ba zai ɗauki mai cewa lafiyarta lau ya bar su ba."

Muntaka ya dafe kai.

"Ki kira ni in kin koma, ki sa mata wayar a kunne ta ji muryata!"

"Ba a shiga da waya, ana karɓewa a tasha saboda cutar. Amma da yamma zan roƙi daktor, in sha Allah."

Da yamma iska ta taso, ƙaramin jirgin bai fita ba. Muntaka yana bakin teku yana kallon igiyar ruwa, ya yi addu'ar da bai taɓa yin irinta ba.

Da safe suka tarar da A'i a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa. Suka ɗauko ta. Rabi'a ce ta riƙe kanta a cinya cikin ƙaramin jirgin, ana ba ta iska. Kafin su taɓa gaɓar Jidda rai ya yi halinsa.

Ba a bar shi ya buɗe fuskarta ba. Shekara goma sha tara yana jiran ganin fuskar nan, abin da ya samu shi ne sallar gawa daga nesa, da takunkumi a bakinsa.

Bayan kwana tara aka saki jirgin. Uwani ta warke, ta yi umrarta, ta karɓo jakar A'i ta kawo har Nuzla. Muntaka ya buɗe a gaban Hajja Mastura. Ga kuka, ga daddawa, ga ƙullin dakuwa irin wadda yake so tun yana yaro. A bakin mayafinta akwai wani ɗan ƙulli. Ya kwance, sai ga fankon takardun farasitamol, duk ta shanye, ta adana su don kada likita ya gani a shara.

Hajja Mastura ta share hawaye ta ce, "Ka yi haƙuri. Da niyyar umra ta tafi, Allah ba ya tozarta wannan." Sannan ta ƙara da cewa, "Akwai saƙo kuma. Rabi'a ta kasa gaya maka, ta bar mini. A cikin ƙaramin jirgin yayarka ta buɗe ido sau ɗaya."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, 'Ku gaya wa Auta ban faɗa musu ba.'"

Muntaka yana nan a Nuzla har ya tsufa. Mutanen unguwa sun ce tun daga ranar, duk wanda ya tambaye shi abin da ya shafi ciwo ko hukuma, amsarsa ɗaya ce: "Ban sani ba, mu je mu tambaya."

Darasi: Kada ka ɓoye ciwo, kada kuma ka sa wani ya ɓoye, balle a lokacin annoba. Daɗewa a gari ba shi ne sanin komai ba, kuma gaskiya tana iya fitowa daga bakin wanda ka raina. Wanda yake ƙaunarka zai bi maganarka ido rufe, don haka ka auna ta kafin ka furta, domin ba kullum ake samun damar janyewa ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu niyyar tafiya da masu jiransu, wataƙila ya ceci ran wani.