Hannun Inna Delu Bai Ji Ba

An yi wata baiwar Allah a wani gari, ungozoma, ana ce mata Inna Delu. Rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya. In ta dafa cikin mace ta ce ɗa ya juya, to ya juya. Ba ta da gona, ba ta da ɗa, hannun nan shi ne abincinta.

Ku saurara, jama'a.

Wata matar aure, Sahura, ta je asibiti, na'urar hoto ta hango ɗan ƙullutu can cikin nononta, inda yatsa ba ya kaiwa. Likita ta ce za a soka siririyar waya, hoto yana nuna hanya, har bakinta ya tsaya a kan abin, sannan a bi wayar a cire shi tun yana ƙarami.

Mijinta Tanimu ya ce allambaram. A yanka masa mata a kan ciwon da ba a ji? Ya aika a kira Inna Delu, mata suka cika tsakar gida.

Inna Delu ta shiga ɗaki ta laluba nonon, ta sake lalubawa. Ba ta ji komai ba. Ta san kalma ɗaya ake jira, ta kuma san in ta faɗe ta, gobe gari zai ɗauka hannun Delu ya fi na'ura.

Tanimu ya ce, "Inna, kin ji wani abu?"

Ta ce, "Ban ji ba, ɗan nan."

"To, faɗa musu babu."

"Hannuna yana da iyaka. Ba zan rantse a kan ran 'yar mutane da abin da ban sani ba. Ka bar ta ta je."

Kunyar idon jama'a ta sa ya bar ta. Aka bi waya aka ciro abu bai kai ƙwayar wake ba. Aka auna, ashe mugun iri ne, da an bar shi da ya cinye ta. Sahura ta warke sarai.

Kuna tsammanin an gode? Ina! Sai aka ce hannun Delu ya mutu, ai da bakinta ta faɗa. Aka daina kiranta, ko wankan jariri. Da Sahura ta haihu, ko goron suna ba a aika wa Inna Delu ba. Tana ɗakinta, tukunyarta a kife, ta jiyo guɗa, ta ce, "Alhamdu lillahi, yaron nan ya tarar da uwarsa."

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai, don halinmu ke nan. Mai ƙaryar sani muke ɗauka a ka, mai gaskiyar cewa "ban sani ba" mu bar shi da yunwa. Gaskiya ta fi suna, ladanta kuwa yana wurin Allah. Mata, kada ku jira sai hannu ya ji. Maza, kada ku tare hanya.

Kowace unguwa tana da Inna Delunta. Taku, yaushe rabonku da ƙofarta?