Kwandon Gyaɗar Kuregu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan tabarma.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wani kurege, Barmo, mai kaifin baki da gajeren haƙuri. Kuregu da zabi suka yi rigima kan wata fadama, kowa ya ce daga tsamiya zuwa rafi nasa ne. Alƙali Gauraka ya ce a kawo shaida, wanda ya rasa ya kwashe nasa ya bar wurin. Kuregu kuwa ba su da wata gonar.

Barmo ya tuna duk kaka kuregu kan ajiye kwandon gyaɗa a gindin tsamiyar. Gado suka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ya je wa Kunkuru. "Baba, ka san kwandonmu na gindin tsamiya?"

"Na sani. Ai asalinsa..."

"Riƙe sauran, wannan ya ishe ni."

Ya je wa Hankaka. "Na sani. Ai shekarar..."

"Riƙe sauran."

Ya je wa Gara, ita da ba ta da sauri. Tana buɗe baki ya ce ta riƙe sauran, ya yi gaba yana kaɗa jela.

Ranar shari'a Barmo ya miƙe, ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ke ajiye amfanin gona a ƙasar da ba tasa ba? Ga shaiduna."

Gauraka ya ce kowa ya faɗi abin da ya sani, har ƙarshe.

Kunkuru ya ce, "Shekarar babbar yunwa kakannin kuregu suka iso nan, ƙashi da fata."

Hankaka ya ce, "Zabi suka tsaga fadamarsu, suka ba su aron rabi."

Gara ta ce, "Kwandon na godiya ne. Zabi ake ajiye wa. Da suka daina zuwa ɗauka, ni nake cinyewa."

Kunya ta rufe Barmo, ya rasa inda zai sa kansa. Shi da ƙafarsa ya yi yawon tattaro masu tona musu asiri, ga dangi a bayansa kowa ya sunkuya.

Wata tsohuwar zabuwa ta ce, "Ɗana, ba za mu kore ku ba. Kakanninmu ba su kori naku ba. Ku yi nomanku."

Da ma zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Duk kaifin bakin nan nasa, sai ya sulale ya faɗa rami.

Shi ya sa har gobe in kurege ya fito gona sai ya tsaya da ƙafa biyu ya waiwaiga. In ya hango zabuwa, sai rami. Ba tsoronta yake ba, haɗa ido ne ba ya iyawa.

Ku kuma, in kun tambayi babba, ku bari ya kai aya.

Kurunkus, ta ƙare a bakin ramin kurege.