Iyakar da Kura ta Shata

Ga ta nan, ga ta nan ku, masu kunne!
Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara namun daji suka ce kowace gunduma ta tura wakili ɗaya majalisar Zaki, inda ake rabon ruwan tafki. Aka ba Kura aikin shata iyaka. Ta ja ƙafa a ƙasa, ta mai da raminta gunduma, na ƙanenta gunduma, na kawunta gunduma. Zabi ɗari uku kuwa ta haɗa su a gunduma guda.

Wata tsohuwar Zabuwa ta ga ƙishirwa za ta kashe 'ya'yanta, sai ta tare Kura.

"Ranki ya daɗe, da me kika auna?"

Kura ta ce, "Da faɗin ƙasa."

"Ƙasa ce za ta shiga layi ranar zaɓe, ƙato bayan ƙato? Ai kawuna ake ƙirgawa!"

Kura ta wage baki ta ce, "Naki kan zan fara ragewa."

Zabuwa ta ce, "Bismilla! In kin cinye ni, sauran duk sun iya tono."

Ta yi kira, zabi suka sauko suka tone layin kaf. Kura ta sake ja, suka sake tonewa, har ƙugunta ya sage. Dole Zaki ya sa aka ƙirga kawuna, aka dasa gamba a sabuwar iyaka. Kuraye suka wayi gari suna roƙon ƙuri'ar zabi.

Shi ya sa har gobe zabuwa ba ta daina tono ba, dubawa take ko Kura ta sake jan layi.

Ƙurunƙus kan kusu, wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa!