Zagaye Talatin da Biyar na Marnie

Akwai wata mata a garinmu Narrawin, sunanta Marnie Hallett, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye take sha. In kuka haɗu a bakin kanti, kuna gaisawa ƙafarta na rawa kamar motar da aka bari a kunne.

Da ba haka take ba. Shekara uku da suka wuce, lokacin girbin alkama, injin girbi ya kama da wuta mijinta Gus yana ciki. Ya fito da ransa, amma wuta ta ci bayansa da hannuwansa da gefen wuyansa. Aka yi masa dashen fata a Perth, babban birnin jiharmu. Fatar da aka dasa ba ta yin gumi, don haka mutumin da ya tashi a gona cikin rana ya koma ɗan inuwa.

Duk mako biyu Marnie ke tuƙa shi awa biyar zuwa asibiti a duba fatar, su juyo awa biyar. A ɗakin jira ta ga ba su kaɗai ba ne. Ga yaran da ruwan zafi ya zubo wa, ga tsofaffin da gobarar daji ta ritsa da su, duk daga nesa. Ƙungiyar da ke tallafa wa masu ƙuna tana da nas da ta yarda ta riƙa bin ƙauyuka tana duba su a gida. Mota ce babu.

Marnie kuwa tun bayan gobarar ta kama gudu. Kullum gudu, safe da yamma.

A watan Oktoba ake wani tseren juriya a tsohon filin askin tumaki na garinmu. Zagaye ɗaya kusan kilomita bakwai ne. Duk awa a kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi. Wanda ya dawo da wuri, sauran mintunan nasa ne, ya ci abinci ko ya runtsa. Wanda ƙararrawa ta kaɗa bai iso ba, ya fita. Haka ake yi dare da rana har mutum biyu su rage. In ɗayansu ya sare, ɗayan ya yi zagaye guda shi kaɗai, a tashi. Guda ɗaya tak, ko da ƙarfinsa ya kai ya yi goma.

Da Marnie ta sa suna a tseren, ƙungiyar manoman alkama ta yi alkawari a gaban jama'a: in Marnie ta kai zagaye talatin da biyar, za su sayi motar.

Mutum sittin suka tsaya a bakin layi da bakwai na safiyar Asabar. Kusa da Marnie akwai wata dattijuwa gajera, da malfa mai ragar kare ƙudaje. Noeline Burgess ke nan, mai tuƙa motar 'yan makaranta a wani gari can gaba da namu. Ita kaɗai ta zo, da kujera ɗaya da filas ɗin shayi.

Marnie ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Goggo, kin tabbata ba gasar kek kika zo ba? Waccan sai mako mai zuwa."

Noeline ta gyara malfarta. "Je ki, 'yar nan. Ma haɗu nan da awa ɗaya."

Haka kuwa aka yi ta yi. Marnie ta dawo a minti arba'in da biyar, ta hau zirga-zirga a gaban rumfa. Noeline ta shigo a minti hamsin da bakwai, daidai lokacin da alƙalin tsere ke busa usur uku na gargaɗi (uku in saura minti uku, biyu in saura biyu, ɗaya in saura ɗaya), ta kurɓi shayi, ta koma layi.

Gus yana ƙarƙashin rumfa da jiƙaƙƙen tawul a wuya, kular ƙanƙara a gefensa. Shi ke ɓare mata dafaffen dankali ya barbaɗa gishiri. In ta canza safa sai ya durƙusa zai ɗaure mata igiyar takalmi da yatsunsa da ba sa lanƙwasuwa sosai. Kafin ya gama ƙulli ɗaya ta fizge ƙafarta.

"Bari kawai, Gus, na fi ka sauri."

Sai ya yi murmushi ya koma kujerarsa.

Masu irin wannan tsere suna da wata dabara: ka ɓoye gajiyarka, ka nuna wa na kusa da kai cewa yanzu ka fara, har zuciyarsa ta karye. Marnie ta ƙware a wannan. Da gari ya waye ranar Lahadi, an cika awa ashirin da huɗu, mutum biyar suka rage. Kowa ya yi wujiga-wujiga. Ita kuwa ta fito daga rumfa da sabuwar riga, ta taje gashi, har da jan-baki.

Akwai wani dogo daga Perth, Dougal, wanda ya taɓa yin zagaye arba'in. Ganinsa a gabanta kawai tayar mata da hankali yake yi. Ta matsa kusa da shi a bakin layi.

"Malam Dougal, guzurin kwana nawa ka taho da shi? Ni na kwana uku na ɗauko. In naka ya ƙare ka yi magana, kada ka ji kunya."

Ya yi dariyar yaƙe. A hanya ta riƙa wuce shi a kan tudu tana waƙa. A zagaye na ashirin da bakwai ya zauna a kujera, ya cire takalmi, ya ce shi kam ya gode. Sauran biyun da suka ga ƙaton ya sare, su ma ba su jima ba.

Da sha biyun rana Marnie na shirin zagaye na talatin, tana ta fara'a, Gus ya riƙo hannunta.

"Marnie, ƙirga."

"In ƙirga me? Saura shida, na sani."

"A'a. Ƙirga mutanen da ke bakin layi."

Ta waiwaya. Mutum ɗaya ce, da malfa mai raga, ta dafa gwiwoyinta tana haki.

Ƙa'idar da ta sani tun ranar da ta sa suna, sai yanzu ta shiga kanta. In wannan tsohuwa ta zauna yanzu, zagaye ɗaya za a bar Marnie ta yi, a miƙa mata kofin gasar, motar ta tafi. Don ta kai talatin da biyar, sai Noeline ta gama talatin da huɗu. Kuma da bakinta ta kori duk masu ƙarfin da za su raka ta can.

Ƙararrawa ta kaɗa. Ƙafafunta suka ɗauke ta kamar yadda suka saba. Ta dawo da wuri ta tsaya tana leƙen hanya, tana cizon yatsa. Usur uku, babu kowa. Usur biyu, sai ga malfar ta ɓullo daga cikin itatuwa, tana ɗingishi.

Abin da Marnie ta gani daga nan ya ƙara kashe mata jiki. Gus ne ya tari Noeline da dankali da ƙanƙara a tawul, kamar sun saba. Ashe tun jiya, duk lokacin da ita take zirga-zirgarta, shi ke kula da tsohuwar.

A zagaye na talatin da ɗaya Marnie ta rage gudu ta jera da ita. Jikinta duk ƙaiƙayi yake yi, ji take kamar an ɗaure ta a bayan keken shanu.

Noeline ta ce, "Lafiya? Ko man ya ƙare?"

"Goggo, maganar da na yi miki jiya..."

"Ta kek? Ai na iya kek ɗin ma." Ta ja numfashi. "Ni fa ashirin da huɗu na zo yi in koma gida. Gobe da asuba ina da yara a hanya. To sai na ga kina ta korar mutane ɗaya bayan ɗaya, na dubi bawan Allahn can a inuwa, na ce dole wani ya tsaya wa sakaryar yarinyar nan."

Marnie ta buɗe baki, Noeline ta tari numfashinta.

"Kada ki ba ni haƙuri, ba ni da wurin sa shi. Ƙafata duk ta yi bororo. Ba a yarda ki riƙe ni ba, ba a yarda ki ja ni ba. Baki dai kina da shi, kowa ya shaida. Ba ni labari in manta da ƙafar nan. A ina kika samo shi?"

Sai Marnie ta fara. Ta ba ta labarin rawar da aka yi a rumfar askin tumaki ta wannan filin, inda Gus ya taka mata ƙafa har sau uku. Washegari ya zo ƙofar gidansu da ɗan rago maraya a hannu, wai ban-haƙuri ne, kuma sai ya riƙa zuwa kullum duba lafiyar ragon. Noeline ta yi dariya har da tari. Zagaye biyu suka wuce a haka. Sukan yi gudu kaɗan a gangara, su taka a tudu, su shigo da usur uku.

A na talatin da uku labarin ban-dariya ya ƙare. Sai ƙarar takalmi a kan tsakuwa. Can Marnie ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Ranar gobarar ina can ƙarshen gona na hango hayaƙin. Mota ta ƙi tashi, na taho da ƙafa. Minti shida na yi. Da na fi haka sauri..."

"Shi ya sa kike gudu?"

Marnie ta sunkuyar da kai ta ci gaba da takawa.

Noeline ta kori ƙuda daga ragarta. "'Yar nan, ai kin iso. Tun shekara uku kin iso, kin fito da shi. Shi ne yake zaune yana jira ki zauna."

Zagaye na talatin da huɗu ya fara da huɗun yamma. Tun a kilomita na biyu gwiwar Noeline ta ƙi lanƙwasuwa. Tana jan ƙafar, Marnie na duba agogo, tana sake dubawa. Saura kilomita ɗaya, saura minti tara.

Noeline ta ce, "Tafi. Ba zan kai ba. In kika tsaya jirana, mu biyu za mu fita, ko kofin ba za ki samu ba. Tafi ki karɓi abinki."

Hanyar na miƙe a gaban Marnie, ƙafafunta na roƙon a sake su. Minti biyar ya ishe ta.

Ta ce, "Kofi ba ya ɗaukar nas zuwa ƙauye, Goggo. Kin ga sandar shingen can? Wurinta kaɗai za mu je. Daga nan mu yi shawara."

Suka kai sandar. Marnie ta nuna ta gaba. Tana ƙirga mata taku da ƙarfi, tana tsokanarta.

"Haba direba, yara sun makara! Taka mai!"

"Rufe min baki, mara kunya!"

Suka ji usur uku daga nesa. Suka ji biyu a bakin ƙofar filin. Jama'ar gari sun yi layi suna ihu, ba sunan Marnie suke kira ba, sunan Noeline suke kira. Usur ɗaya na tashi suka tsallaka layin tare. Noeline ta zube a kujerarta ta cire malfa.

"Na sauke ki a tasha. Sauran ki ƙarasa da ƙafa."

Saura ƙasa da minti ɗaya, ga igiyar takalmin Marnie ta kwance. Gus ya durƙusa. Yatsunsa suka kama igiyar, ta suɓuce, ya sake kamawa. Mutane na cewa ta yi sauri ta ɗaure da kanta. Ba ta motsa ba. Ta ɗora hannu a kansa tana kallonsa har ya ja ƙullin. Ƙararrawa ta kaɗa.

Ita kaɗai ta yi zagayen ƙarshe, rana na gangarawa a kan gonakin alkama. Ta shigo shida saura minti takwas. Shugaban manoma ya rungume ta ya ce ta zaɓi launin motar. Ta nuna Noeline ta ce, "Ku tambayi direba."

Aka miƙo mata kofin, ta ce a ajiye tukuna. Ta jawo kujera kusa da Gus a ƙarƙashin rumfa. Noeline ta tsiyaya mata sauran shayin filas ɗinta. Marnie ta zauna, ta jingina kanta a kafaɗar mijinta, ta sha shayin a hankali har ya ƙare.

Darasi: Kada ƙarfinka ya sa ka raina na kusa da kai ko ka karya masa zuciya. Akwai tafiyar da ba za ka kai ƙarshenta ba sai wani ya daure ya tsaya tare da kai, kuma sau da yawa wanda ka yi wa dariya ne. Ka tura wannan labari ga mutumin da ya taɓa tsaya maka a lokacin da ba ka cancanta ba, ya san ba ka manta ba.